Ranar da na shiga reyiniyo da rago a cinya

Ni dai tun da na samu aikin nan ba patron ne matsalata ba, Inna ce. Kamfanin babba ne na gaske, irin waɗanda hedikwatarsu take Kaliforniya, ma'aikata a Indiya, a Ailan, ko'ina, ni kuma ina nan Damagaram cikin Zango, a ɗan ɗakina da ordinata da panka mai kukan tsiya. Aikina in duba Hausar da ke cikin manhajarsu, in koya wa na'ura cewa baki daban baƙi daban, kashi daban ƙashi daban (wannan na biyun sai da na yi musu bayani sau uku, duk da Turancina na lekol, gumi yana zuba). Kullum sai an turo mana saƙo wai yau a kantin ɗin hedikwata akwai abinci kaza kyauta, akwai wurin motsa jiki, ni ina karantawa ina dama fura.

To Inna a wajenta wanda bai sa takalmi ya fita da safe ba, ba shi da aiki. Ɗan maƙwabcinmu yana matatar mai ta SORAZ, ana ganin fitarsa ana ganin dawowarsa, wannan shi ne ma'aikaci. Ni kuwa "Auta tunda kana zaune, leƙa ka kira mai garuwa", "Auta tunda kana zaune, kai wannan gidan Yaya a Birni". Albashi ya shigo ta karɓa ta sa albarka, amma har yau in an tambaye ta sai ta ce yana nan yana taɓe-taɓen salula, Allah dai ya kawo mai dalili.

Muna da reyiniyo, taron aiki ta intanet, kowace Alhamis ƙarfe tara na safe agogonsu, wato shida na yamma a nan. Tun Nuwamba da na fara haka yake, har na rubuta ALHAMIS 6 da alli a bayan ƙofa na daina duba kalanda. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mini shi ne mutanen nan suna taɓa agogonsu da hannu. Lahadi ta biyu ta watan Maris sai su tura shi gaba da awa ɗaya, sai Nuwamba su maido, tazarar da take awa 9 tsakaninmu ta koma 8. Mu da ko hunturu ko bazara agogonmu yana nan inda kakanni suka bar shi, ina zan sani?

Alhamis 16 ga Maris 2023, ita ce ranar da zan yi bayani karo na farko gaban babbar shugabar sashenmu, kwana huɗu ina shiri. Kuma ita ce ranar kasuwa, kuma yayata ta haihu, suna Asabar. Bayan la'asar Inna ta ɗaga labule: "Auta tunda kana zaune." Rago. Na yi lissafi, yanzu huɗu da 'yan mintoci, in saya in dawo in yi wanka in sa riga mai tambarin kamfani, shida ta yi mini a gida, lafiya lau. Na kashe data ma don forfe ya kusa ƙarewa.

Ciniki ya ja, dillali ya rantse da abin da zai kashe shi ragon nan jika saba'in aka taya, muka sauka muka hau aka tsaya a hamsin da biyar. Na samu kabu-kabu, aka ɗaure ƙafafu, aka ɗora mini shi a cinya, kansa ta dama gindinsa ta hagu. Mun ɗan taɓa tafiya na ce bari in kunna data in gani ko Inna ta kira ta WhatsApp, sai salula ta fara rawa kamar mai bori. Saƙo tara. Na ƙarshe daga patron ɗina na Bangalo can Indiya, mutumin da a lokacin ƙarfe goma na dare ta kusa a garinsu, ya hana idonsa barci: kana ina, kai ake jira. Biyar da minti goma sha biyu.

Na ce wa ɗan kabu-kabu, Malam don Allah tsaya nan. Ya ce nan ina, cikin rana? Muka raɓe jikin wata katanga, ban ma sauka ba don in na sauka ragon zai faɗi. Na cusa abin kunne, na shiga, na kashe kyamara na ce rezo ne ba kyau, wanda dai rabinsa gaskiya ne. Na fara bayani daga ka, kuma wallahi yana tafiya, na kawo misalin ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, yadda mutane ba sa sa su in suna rubutu a salula don haka dole na'ura ta gane daga zancen, shugaba tana cewa madalla da yarensu. Ina cikin jin kaina sai ragon ya ɗaga kai daidai saitin makirfo ya saki wani irin kuka, dogo, mai amo, irin na wanda ya san Asabar ta kusa.

Shiru. Mutum goma sha huɗu a ƙasa uku, shiru.

Na yi kamar ban ji ba na ci gaba. Ya ƙara. Ɗan kabu-kabu kuma ya juyo da ƙarfi, "patron ka gama da Nasaran ko in kashe mashin, esans fa tana ci", sannan na ji wani ɗumi yana bin ƙafar wandona, ba sai na faɗa muku ko mene ne ba. Garin in danna abin rufe murya yatsana ya sauka kan kyamara, suka ga ƙaho, suka ga hancina daga ƙasa, suka ga wani yaro mai tallan ruwan leda ya leƙo yana ɗaga musu hannu.

Na gama sallamawa an kore ni. Ashe mutanen nan wani irin so suke wa dabba. Shugaba da kanta ta tambayi sunansa, na rasa abin cewa na ce Damagaram, ta maimaita har sau biyu. Kafin in isa gida an jefa ni cikin wani zaure na kamfani da ba a komai sai tura hoton karnuka da kyanwoyi, an sa hoton ƙahon, mutum ya fi ɗari ya danna zuciya.

Asabar da hantsi aka yanka Damagaram, ni na riƙe ƙafa ma. Litinin wata daga Dublin ta rubuto tana tambaya ya yake, yana cin abinci? Na ce yana hutawa. Tun daga nan duk ƙarshen wata nake shiga gidan maƙwabci in ɗauki hoton nasu ragon, an yi sa'a shi ma fari ne mai baƙin kunne, sai dai jiya na ji mai gidan yana cewa matarsa ta shiga wata tara.