Gas ɗin firiji ya canza, hannun masu gyara bai canza ba

Ana tsakiyar zafin bazarar da ta wuce firizar gidanmu ta daina ƙanƙara. Na ɗora ta a adaidaita sahu na kai wani shago a unguwarmu. Ogan ba ya nan. Yaronsa ya kasa kunne jikin kwamfuresa, ya ce gas ne ya zube, ya jawo tukunyar walda zai narke bututu. Shagon ɗan tsugul ne, ga janareta tana ruri a bakin ƙofa. Na leƙa bayan firizar, sai ga sunan gas ɗin da ke cikinta, R600a, a rubuce, da hoton harshen wuta a gefe. Na ce, "Ɗan samari, ka ga wannan?" Ya ce, "Alhaji, gas ai gas ne."

Ban ga laifinsa sosai ba. Haka ya koya, kuma a zamanin da ogansa ya koyi sana'a maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Tsofaffin firiji suna aiki da R12, wanda ba ya kama wuta amma yana cinye rigar ozon da ke tare mana hasken rana mai cutarwa, shi ya sa yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawo ƙarshensa. R134a da ya gaje shi yana ƙara ɗumamar yanayi, aka sake zama a Kigali a 2016 aka amince a rage irinsa, Najeriya ma tana ciki. Abin da ya cike gurbin a firijin gida shi ne R600a, sai R290 a wasu firizoji da na'urorin sanyaya ɗaki. Dukansu 'yan ɗaki ɗaya ne da gas ɗin girki. Sababbin firijin da ke kasuwar Sabon Gari da na gwanjo da ake shigowa da su daga Turai, da yawansu shi ke ciki.

Ni ba na cikin masu cewa a guje shi. Yana sanyi da wuta kaɗan, abin da duk mai sola da mai sayar da ƙanƙara ke nema, kuma abin da ke cikin firijin gida bai wuce giram 150 ba, galibi ma ƙasa da haka sosai. Matsalar halinsa ce. Ya fi iska nauyi, idan ya zube sai ya kwanta a ƙasa, daidai inda soket da risho suke. Sannan ba a sa masa warin nan da ake sa wa gas ɗin girki, hanci ba zai gaya maka komai ba. Da ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Ƙa'idar aikin ba ɓoyayya ba ce. A yi shi a sarari ko inda iska ke kaɗawa, a kashe janareta da sigari, a ajiye abin kashe gobara a kusa. A fitar da sauran gas ɗin, a zuƙe da inji, a wanke bututun da naitirojin, iskar da ba ta kama wuta, a yanke shi da abin yanka bututu, kafin a yi maganar wutar walda. Gwajin yoyo kuma da naitirojin ake yi. Masu yi da oksijin suna wasa da rai, don haɗuwarsa da man kwamfuresa fashewa ce. Sabon gas kuwa a kan sikeli ake auna shi, daidai giram ɗin da ke jikin takardar firijin, ba "sai ya yi raɓa" ba.

Wannan duk kuɗi ne da lokaci, kuma a nan mu masu kai gyara muka shigo. Mu ne muke tsayawa ciniki har sai mai gyara ya rasa riba, sai ya rama ta hanyar ɗura gas ɗin girki mai danshi da datti, ko ya zuba R600a a tsohon firijin R134a da kayan wutarsa ba a ƙera su don gas mai kamawa ba. A gida ma muna da namu. Uwargida ta ɗauki wuƙa tana sassaƙar ƙanƙara, ta huda bututu, ta ji "fuuu". Idan haka ta faru a buɗe taga da ƙofa, kada a taɓa makunnin wuta ko soket, a kashe duk wata wuta da ke ci a kicin.

Ƙungiyar masu gyaran firiji ta NARAP da ofishin kula da ozon na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya su ya kamata su riƙe wannan. Amma taro a otal da Turanci ba zai kai ga yaron shago ba. A bi ogogin shago-shago, a koya musu da Hausa, a yi ta maimaitawa a gidajen rediyon Kano, tunda a kowane shago akwatin rediyo a kunne yake.

Ranar dai na hana yaron kunna wuta har ogan ya dawo daga masallaci. Ya duba rubutun, ya sa aka kashe janareta, aka fito da firizar ƙarƙashin darbejiya. Ba shi da naitirojin, sai da ya aika aro daga wani shago, kuma kuɗin a kaina ya ɗora.