Yaranmu na Legas da gudun ɗaukar tutoriyal

Wai don Allah me ya sa yaranmu 'yan Arewa da ke karatu a UNILAG da LASU da Yabatech suke gudun tsayawa gaban 'yan ajinsu? Yaro ga kai na ja, amma da jarabawa ta matso aka ce wa zai ɗauki tutoriyal, wato ya koya wa 'yan ajinsu abin da aka karanta, sai ya sunkuyar da kai, ana tashi daga lakca ya haye danfo sai Agege ko Idi-Araba. Iyaye kuma suna ta sa albarka, wai yaronsu ba ruwansa da shiga sabgar mutane.

Ni dai a wajena asara ce babba. Wanda bai taɓa riƙe guruf ɗin karatu ba gani yake ai maimaita handawut ne kawai, ina! Kai ne za ka nemo ajin da ba kowa da yamma, kai za ka buɗe guruf a WhatsApp, ka tsayar da lokacin da zai yi wa mai tasowa daga Ikorodu cikin goslo daidai ya kuma yi wa 'yar hostel daidai, ka tattaro tambayoyin shekarun baya, ka raba wa kowa babinsa, sannan ranar haɗuwa wanda ya rantse zai karanto nasa ya zo hannu rabbana, dole ka san yadda za ka yi masa magana ba tare da ya yi zuciya ya fice ba. Ga Bayarabe ga Ibo ga ɗan Edo, ka yi bayani da Turanci ba a gane ba ka sauko Turancin buroka. Wata rana a jefo maka tambayar da ba ka sani ba gaban kowa, ka daure ka ce zan duba, gobe kuma ka dawo da amsa. To aikin ofis ɗin ma mene ne in ba wannan ba?

Bankuna da manyan kamfanonin Victoria Island da Ikeja idan za su ɗauki sababbin ma'aikata, 2:1 ɗinka, wato sakamakon digiri mai kyau, iyakarsa ya sa a kira ka gwaji. Bayan nan da yawansu haɗa ku suke a tebur ɗaya, a ba ku matsala ku tattauna, su koma gefe suna kallon wa ke iya magana, wa ke sauraro, wa ke danne mutane. A intabiyu kuma da wuya a ƙi ce maka ka ba da labarin lokacin da ka jagoranci wasu. Kunyar nan da kawaicin da aka tarbiyyantar da mu a kai abu ne mai kyau gaban manya, amma a ɗakin nan ba wanda zai fassara shirunka da ladabi. Ko bautar ƙasa ma, da an fito kam ɗin Iyana-Ipaja da yawa makaranta ake tura su koyarwa.

Kuma ba wai damar ce babu ba. MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Najeriya, wadda a nan Legas aka kafa ta a 1954, rassanta na jami'o'i suna shirya tutoriyal. Bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na wata 8 a 2022 da aka dawo ana karatu a guje, ɗalibai ai junansu suka kama.

Na san wani zai ce a Najeriya wa ka sani ne. Gaskiya ne, ban musa ba, sai dai waɗanda ka zaunar ka koya wa kwas mai wuya su ne gobe za su turo maka sanarwar aiki tun kafin ta fita. Masu yin abin don 'yan mata su gansu kuwa, ko mai koyar da jama'a nasa GP ɗin, wato makinsa, yana zubewa, wannan ba da su nake ba.

Ƙannena da suka riga suka yi, don Allah ku sa shi a CV. Sunan kwas ɗin, mutum nawa, wane zango. Kuma ku je lakcaran kwas ɗin ya san fuskarku tun yanzu, don shi za ku nema ranar da aka ce ku kawo takardar shaida.