Mai aiki sai an kunna kyamara

Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, don haka ba sai na kama suna ba. Akwai wani bawan Allah da muka taɓa zama a kwamiti ɗaya, wanda yanzu yake yawo yana koya wa matasa cewa a siyasa da kasuwanci hoto shi ne komai, wai jama'a ba sa karanta manufa, fasta kawai suke kallo. Wannan magana tana ci mini rai, domin raina hankalin talaka ce aka naɗe da takardar ƙwarewa.

Hujjarsa kullum ɗaya ce, wato muhawarar 'yan takarar shugabancin Amurka, Kennedy da Nixon, da aka nuna a talbijin ranar 26 ga Satumba, 1960, wai kyan hoto ne ya sa Kennedy ya ci zaɓen. Gaskiya ne Nixon bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, ya rame, yana ta gumi, Kennedy kuwa ya fito fes. Abin da malamin namu ba ya faɗa shi ne, Kennedy yana majalisa tun 1947, ya san abin da yake faɗa, kuma duk da kyan hoton, tazarar ƙuri'un jama'a tsakaninsu ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Shi Nixon ɗin ma ya dawo ya ci zaɓe a 1968.

Labarin da ya fi dacewa da malamin namu na kamfanin Volkswagen ne. Shekaru suna tallar motocinsu masu amfani da dizal a matsayin masu tsaftataccen hayaƙi, sai a Satumbar 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa an dasa wa motocin wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwaji. Idan ana dubawa, mota ta nutsu ta rage hayaƙi. Da ta hau titi, gubar da take fitarwa tana iya ninka abin da doka ta yarda har sau 40. Kamfanin da bakinsa ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11 a duniya, shugabansa ya yi murabus cikin 'yan kwanaki.

Na ga irin wannan manhaja a jikin mutumin nan da muka zauna a kwamiti. Ranar da masu ɗaukar hoto suka zo, shi ne ya riga kowa isowa, ya naɗe hannun riga, ya rungumi fayil ɗin da wasu suka kwana uku suna haɗawa, har yana gyara tsayuwa don haske ya faɗo masa daidai. Suna tafiya ya ajiye fayil ɗin a kan kujera, bai ko buɗe shafin farko ba. Ni na ɗauke shi daga wurin, shi ya sa ba na buƙatar a ba ni labari. Zanen aro dai ba ya rufe katara, kuma waɗanda suka yi aikin suna nan da ransu, kunya ce kawai ta hana su magana.

Ban ƙi ado ba, kaya mai kyau ya cancanci mazubi mai kyau. Abin da nake ƙi shi ne a tara yara masu neman makoma a ce musu mazubin kaɗai ya isa. Kafin ya sake buga wata fastar, ina roƙonsa ya fito da rahoton nan da ya yi wa mutane alkawari a gaban kyamara, wanda har yau ake jira, ya kuma rubuta sunayen waɗanda suka haɗa shi a bangon farko.