Keke mai giya ɗaya ba rabin keke ba ne

Kwana uku ke nan ina danne maganar nan, ta ƙi dannuwa. Abin da aka yi wa yaron nan ranar Lahadi a bakin gadar Kennedy ta Yamai, inda muke haɗuwa don fita hawan keke, ba daidai ba ne, kuma duk wanda yake wurin ya san da haka. Ni ma ina wurin. Na yi shiru, kuma shirun nan nawa shi ya fi damuna har yau.

Yaro ya taso tun daga Talladje bayan sallar asuba, a kan keke mai giya ɗaya da ya haɗa da hannunsa a rumfar maigidansa mai gyaran keke, ya gaida kowa da ladabi, sai a dubi kekensa a ce wai fitar yau ta masu VTT na gaske ce, wato keken hawan daji da tsauni, wanda ba shi da giya ya koma gida kada ya ja mutane baya. Ya ce, "Yaya, ku bar ni in gwada, in na gaza sai in juyo, ba sai an jira ni ba." Aka ce masa a'a. Ya juya bai ƙara cewa komai ba. Da yamma kuma wani ya saka hoton keken a WhatsApp ana ta dariya a ƙarƙashinsa.

Ina so in tambayi wanda ya yanke hukuncin nan: wa ya gaya maka cewa giya ce ke mayar da keke na gaske? A ina ka karanta? Wasan hawan VTT ɗin nan da kake taƙama da shi ai a kan keke mai giya ɗaya aka haife shi. A shekarun 1970, a yankin Marin na jihar Kalifoniya ta Amurka, samari ne suka tsinto tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940, masu nauyi, masu faffaɗar taya, suna gangarowa da su daga tsaunukan da ke kewaye da dutsen Tamalpais. Birkin ma irin wanda ake take feda baya ne. Tseren da suka fara a 1976 sun sa masa suna Repack saboda in mutum ya gangaro, man da ke cikin cibiyar tayar baya ya ƙone don zafin birki, sai an kwance an sake cika shi. Na san daga baya sun ƙara giya, ba sai an tuna mini ba. Amma tushen abin ke nan: tsohon ƙarfe, yara masu son hawa, da gyaran hannu. Da su Joe Breeze da Gary Fisher na wancan lokaci, waɗanda suna cikin samarin da suka fara wasan, za su zo bakin gada ranar Lahadi da kekunansu na farko, da su ma an mayar da su gida.

Kuma abin da ya fi ba ni haushi, a daidai lokacin da ake korar yaron, mutane nawa suka wuce mu a kan gadar? Ku tuna. Wani da itace ya fi tsawonsa a bayan keke, wani da damman ciyawa, wani da jarkoki a rataye hagu da dama, sun fito daga ƙauyukan bayan Harobanda tun duhun asuba za su shiga kasuwa. Wa ya ga giya a kekensu? Sun keto rairayi, sun keto tsakuwa, sun haye tudu da kayan da mu ko rabinsa ba za mu iya turawa ba, kuma gobe ma haka za su yi. Mu kuwa da muke fita sau ɗaya a mako da gorar ruwa ɗaya da hular kwano, mu ne za mu ce giya ɗaya ba ta kai mutum ko'ina? Ƙafa ce ke tuƙa keke, ba giya ba.

Shekara huɗu ke nan da na cire abin sauya giya daga kekena, kuma ba rashin kuɗi ya sa na cire ba. Ƙura ce ta kore ni. Duk wanda ya yi hunturu ɗaya yana hawa a Yamai ya san abin da nake faɗa. Ka zuba wa sarƙa mai da safe, kafin ka dawo ƙura ta haɗu da man ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin haƙora tana cin sarƙa. Wayar giya ta cika da ƙasa ta ƙi ja. Ka danna ya ƙi shiga, ka sake dannawa ya tsallake biyu. Ga abin sauya giyar nan da ke reto a gefen tayar baya, keke ya faɗi ta dama sau ɗaya ko reshe ya shiga, ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe, shi ke nan ranarka ta lalace. Ran da na gaji na kai shi wurin mai gyara na ce, "Maigida, cire mini duk wannan tarkacen." Ya rage tsawon sarƙa, ya daidaita ta miƙe tsaf daga farantin gaba zuwa na baya, ya sa ɗan abin da ke ɗaure ta don kada ta saki. Tun daga ranar abin da nake yi kawai goge sarƙa da tsumma da ɗigon mai.

Lissafin ma ba wani abu mai wuya ba ne. Farantin gaba mai haƙora 32, na baya mai 16, kowane juyin feda ɗaya taya ta juya sau biyu. A taya mai inci 26 wannan mita 4 ne da ɗan ɗoriya. Ni na sa 18 a baya saboda tuddan hayin kogi, ya fi sauƙin hawa kaɗan, kuma in ina juya ƙafa da kyau a shimfiɗaɗɗiyar hanya ina yin kusan kilomita 20 a awa. Ku gaya mini tsakani da Allah, in mun sauka daga kwalta mun shiga daji, wa ke wuce wannan gudun a cikinmu?

An ce zai ja mu baya. A kwalta, e, mai giya zai wuce shi, ƙafarsa za ta yi ta juyi a banza. To sai me? Kilomita nawa ne na kwalta kafin mu kauce? Ashe ba ma tsayawa jiran juna? Wanda ya tsaya amsa waya muna jiransa, wanda ya tsaya ɗaukar hoto muna jiransa, wanda ƙaya ta huda masa taya mu zagaye shi rabin awa ana neman famfo. Ba mu taɓa cewa sun ja mu baya ba. Sai a kan yaron nan ne lokaci ya zama zinariya.

An ce tudu zai gagare shi. Wannan ita ce maganar da ta nuna mini cewa masu yin ta ba su taɓa hawa irin keken ba. A tudu, mai giya ɗaya ba ya ja baya, gaba yake yi, don ba shi da zaɓin zama ya yi ta lallaɓawa. Tun daga nesa yake karanta tudun, ya tara gudu kafin ya iso gindinsa, ya miƙe tsaye a kan feda, ya ja kan keken da hannu biyu, ya sa nauyin jikinsa duka. Ko dai ya haye da wuri, ko ya sauka ya tura. Kuma turawar ba abin kunya ba ce. A hawan duwatsun nan uku na Trois Sœurs, inda marmara ke zamewa a ƙarƙashin taya, na sha ganin mai giya 12 yana tura nasa, ina gefensa ina tura nawa, mu isa sama tare muna haki iri ɗaya. A rairayi mai zurfi kuwa kowa sauka yake yi. Abin da ke ceton mutum a rairayi faɗin taya ne da rage mata iska, ba yawan giya ba.

An ce zai lalata gwiwarsa. To yaushe muka fara damuwa da gwiwarsa? In da gaske ne, ai sai a ce masa ya ƙara haƙoran baya, ya ɗaga sirdi daidai tsawonsa, ya riƙa miƙewa a tudu maimakon dannawa a zaune. Shawara ake ba mutum in ana jin tausayinsa, ba kora ba. Gasar tseren keke ta Tour de France an fara ta a 1903, sai a 1937 aka yarda kowa ya shiga da abin sauya giya. Kafin nan mutum yakan tsaya a gindin dutse ya kwance tayar baya ya juya ta, don akwai haƙora daban a ɗaya gefen. A haka suka haye dutsen Tourmalet a 1910, a hanyar da ba kwalta. Tudun Yamai ne zai gagari yaro ɗan shekara goma sha wani abu?

Mu daina ɓoye-ɓoye. Ba giya aka kora ranar Lahadi ba, talauci aka kora. Da wani Bature ne ya zo da keke mai giya ɗaya mai sheƙi, ya ce a ƙasarsu har gasar duniya ake yi wa irinsa, wanda kuma gaskiya ne ana yi, da an zagaye shi ana shafa keken ana tambayar kuɗinsa. Amma da yake yaron mai gyara ne, ƙarfen jikin keken na gwanjo ne daga kasuwar Katako, fentinsa ya koɗe, tayar gaba da ta baya ba iri ɗaya ba, sai aka ga abin dariya. Ni na duba keken nan da kyau kafin ya juya. Sarƙarsa a miƙe take sak, ba ta saki ba kuma ba ta ɗaure fiye da kima ba. Birkinsa biyu suna kamawa. Taya ba ta rawa. Wanda ya yi wannan aikin ya san keke fiye da yawancinmu da in sarƙa ta tsinke a daji sai dai mu kira mota.

Kuma ku dubi halin da muke ciki. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kowa ya san yadda kayan gyara suka yi wuya da tsada. Sarƙar giya 11 ko 12 siririya ce, ba ta daɗewa a ƙurarmu, kuma sai ka yi sa'a ko ka aika a kawo maka daga waje. Sarƙar giya ɗaya kuwa kowane mai gyara da ke gindin bishiya yana da ita, daga Wadata har ƙauyen da ba wuta. Keken da za ka iya gyarawa a duk inda ya lalace shi ne keken ƙasarka. Ban ce kowa ya cire giyarsa ba. Wanda gwiwarsa ta tsufa, wanda ke son tsere, wanda kawai haka yake so, Allah ya ba shi lafiyar hawa. Abin da nake cewa ɗaya ne: keke mai giya ɗaya ba rabin keke ba ne, kuma mai shi ba rabin mahayi ba ne.

Mu nawa ne ma duka-duka? In mun taru da yawa ba mu cika ashirin. Maƙwabtanmu na Burkina tun 1987 suke da gasar tseren keke ta Tour du Faso, kuma ba daga sama ta faɗo musu ba, gari ne da mace da namiji, yaro da tsoho kowa a kan keke yake. Mu a nan yaro da ya sami ɗan kuɗi babur yake mafarki. To ga ɗaya ya fito da kansa, ya bar barcin safe, yana son ya bi manya ya ga daji, mun rufe masa ƙofa. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Na tuna fuskarsa lokacin da yake juya keken, yana ƙoƙarin yin murmushi don kada a ga ransa ya ɓaci.

Ƙanena, in maganar nan ta iso gare ka, ka yafe mini shirun da na yi. Lahadi mai zuwa ina bakin gada bayan sallar asuba. Ka zo da kekenka yadda yake, kada ka sauya masa komai. Ka zo da ruwa mai yawa da kayan faci, don ƙayar aduwa ba ta san keke mai tsada ba. Wanda zai bi mu bismillah, wanda ba zai bi ba hanya a buɗe take.

Ganin keken yaron nan ma ya tuna mini da na kawuna a Adar. Phoenix ne baƙi, birkin sanda, an naɗe masa jiki da roba ja da kore don kada fenti ya goge, ga ƙararrawa biyu. A kansa yake zuwa cin kasuwar Badagishiri, hanyar duk duwatsu, ya dawo da buhu a baya ni kuma ina zaune a kan ƙarfen gaba, ƙafata ta mutu ba na iya faɗa. In ya iso gangare sai ya ce, "Riƙe da kyau, ɗana." Tun rasuwarsa ban sake ganin keken ba, amma inna ta ce yana nan rataye a zaure, tayoyin sun ruɓe. Da Sallah in Allah ya kai mu zan je Tawa in ɗauko shi. Don Allah wanda ya taɓa ɗora keke a motar Tawa zuwa Yamai ya gaya mini nawa suke karɓa yanzu, kuma ko sai an cire masa feda da tayar gaba.