Lashe Tour de France ba ya tabbatar da nasara a tseren yini ɗaya

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ɗan tseren keken da ya lashe Tour de France zai iya cin kowace babbar gasa ta yini ɗaya, amma abin ba haka yake ba. Tour de France gasa ce ta mako uku, wadda ta fi dacewa da marasa nauyi masu juriyar hawan tsauni. Shi ya sa Chris Froome, wanda ya lashe ta sau 4, bai taɓa cin ko ɗaya daga cikin manyan gasannin yini ɗaya guda biyar ba.

Paris-Roubaix kuwa, ɗaya daga cikin waɗannan gasanni biyar, wadda ake yi a arewacin Faransa, ba ta da tsauni, sai wajen kilomita 50 na tsohuwar hanyar duwatsu mai girgiza keke har hannuwa su yi ƙanta, kuma faci ɗaya ko faɗuwa ɗaya ya isa ya raba mutum da nasara, domin babu gobe da zai rama. A nan ƙaƙƙarfan mahayi irin Mathieu van der Poel ya fi samun dama. Ya ci gasar a 2023, 2024 da 2025. Ko Tadej Pogačar, wanda shi ma ya lashe Tour de France sau da dama, duk da bajintarsa, na biyu ya zo a 2025 bayan ya zame a wata kwana.