Ina sunan Shirley Walker?

Allah ya saka da alheri da wannan rahoto kan masu tsara kiɗan fim da ba a cika ambata ba. Sai dai na so in ga sunan Shirley Walker, Ba'amurkiyar da ta rasu a 2006.

Da yawa sun ji aikinta ba su san nata ba ne. Ita ta jagoranci makaɗan da suka buga kiɗan Danny Elfman a fim ɗin Batman na 1989, sannan ta riƙe ragamar kiɗan zanen Batman na talabijin da aka fara a 1992. A nan gwanintarta ta fito fili: kusan kowane mugu da takensa, da ka ji ka san wanda zai shigo tun kafin ya bayyana. Taken Joker, babban abokin gabar Batman, kamar na filin wasan yara yake, amma akwai abin da ke ƙarƙashinsa mai tayar da tsikar jiki. Kuma da hannunta take rubuta kiɗanta a takarda.

Kiɗan fim ɗin Final Destination na 2000 ma nata ne. Abin da ke ci mini rai, ta yi wannan aiki lokacin da da wuya a ba mace babban fim, amma sunayen maza kawai ake tunawa. Don Allah ku yi mata rahoto na musamman.