Ku Daina Kwafo Lambobin YouTube Kuna Ɗora Wa Kati a Zafin Garwa

Wato har yanzu akwai masu cewa katin hoton kwamfuta (graphics card) da ya mutu wa wani yaro bayan ya ƙara masa gudu, laifin mai shagon da ya sayar da katin ne? Haba jama'a! Kowa ya ga hoton da yaron nan ya saka da hannunsa kafin abin ya faru, yana alfahari. Ya buɗe MSI Afterburner, manhajar da ake ƙara wa kati gudu da ita, ya ja ma'aunin wuta har ƙarshe, ya kwafo lambobin wani Bature daga YouTube, ya danna wurin da ke sa saitin ya riƙa tashi tare da kwamfuta, ya zauna buga FIFA da tsakar rana a watan Afrilu. A Garwa! Yanzu kati ya mutu, akwatin wuta mai ba kwamfutar lantarki ya yi hayaƙi, an taru ana zagin ɗan kasuwa. Sannunku da adalci.

Lambar wani ba taka ba ce. Wanda ya yi bidiyon yana zaune a ɗaki mai digiri 20 ko 22. Kai kuma ɗakinka na kwano ne, a Maris da Afrilu gari yana haura 40, fankar sama iskar zafi kawai take juyawa. Kati da iskar ɗakin yake sanyaya kansa. In ɗakinka ya fi nasa zafi da digiri 20, to katinka ma kusan haka zai fi nasa tun ba ka taɓa komai ba. Nasa yana 65, naka ya haura 80, sannan ka ce za ka ƙara masa gudu da lambobinsa. Ko a ɗaki ɗaya kuke ma, kati biyu iri ɗaya ba sa jure gudu ɗaya, kamar 'yan uwa ne ciki ɗaya kowa da halinsa.

Kuma wane kati? RX 580, wanda ya fito tun 2017. Da yawa daga cikin waɗanda suka cika kasuwa bayan Satumban 2022, lokacin da Ethereum, wani kuɗin intanet, ta daina amfani da haƙa (sa kati ya yi ta lissafi don a samu kuɗin), sun yi shekaru suna wannan aiki dare da rana. Man da ke tsakanin kwakwalwar kati da ƙarfen sanyaya ya bushe, fanka ta gaji, ƙurar hunturu ta toshe haƙoran ƙarfen. A yadda ya fito daga kamfani wat 185 yake ci. Ka ƙara masa kashi 50 cikin ɗari, ka ba shi izinin jan sama da wat 270 ke nan. Daga ina? Daga akwatin wuta marar suna da aka manna wa takardar wat 500, wanda in ka ɗaga shi ba shi da nauyin komai.

Wani ya rubuto min wai ai katin zamani yana kare kansa, in ya yi zafi sai ya rage gudu. Gaskiya ne malam, yana ragewa. To me ka ƙaru da shi ke nan? Ka ƙara gudu, zafi ya kwace, ka koma inda kake ko ƙasa da nan. Shi kuma akwatin wutar arha wa ya ce maka yana kare kansa? Wani kuma wai shekara biyu yana yi bai ga komai ba. Allah ya ƙara tsarewa, amma a Ngaundere kake, kan tudu, ka zo Kusiri ka gwada mu gani.

Ni ban ce kar a yi ba. Na san abin da ake ji in an tara kuɗi jaka-jaka an sayi kati, ana son ya ba da duk abin da ke cikinsa. Amma ƙannena, ku yi da lambarku. A fara buɗe kwamfuta a kakkaɓe ƙura, a canza man nan. A duba zafi da GPU-Z ko HWiNFO tun kafin a taɓa komai. In ya riga ya kai 80 ana wasa, magana ta ƙare, iska katinka yake nema. In da sarari, a ƙara 15 MHz, a kunna Unigine Heaven, manhajar gwada ƙarfin kati, a zuba ido. Babu ɗige-ɗige masu launi, allo bai ɗauke ba, sai a ƙara wani 15. Da an ga alama a koma baya taki biyu. Kar a taɓa boltej. Kar a sa saitin ya riƙa tashi da kansa sai an yi kwanaki ana wasa lafiya. Gwajin kuma da rana za a yi shi, lokacin da gari ya fi zafi, domin saitin da ya zauna lafiya a sanyin Disamba zai iya watsa maka ƙasa a ido a Afrilu.

Duk wannan wahala ribar nawa ce? Galibi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Hoto 60 a daƙiƙa ya koma 64 ko 65, idonka ma ba zai bambance ba. A ƙasar nan rage wa kati boltej ya fi ƙara masa gudu amfani, zafi ya sauka, fanka ta huta, amma wannan ba ya kawo yabo a Facebook shi ya sa ba mai yi.

Af, masu gidajen gem, tunda muna maganar wuta: ku da kuke jona kwamfuta shida a janareta ɗaya babu ondilar mai riƙe wuta in an ɗauke, babu regilatar mai daidaita ta, in an ɗauke wuta ku tayar da inji yara na tsakiyar wasa, ku ma akwai ranarku.